Ta Ina Tsohon Ya Biyo? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Waɗanda Suka Tsara Avengers: Endgame

Zuwa ga Christopher Markus da Stephen McFeely da suka rubuta labarin, da Anthony Russo da ƙaninsa Joe da suka ba da umarni, da kuma Kevin Feige, shugaban Marvel Studios.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Ni mai kallonku ne tun Iron Man na 2008, kuma cikin finafinai 22 da kuka jero har zuwa Endgame babu wanda ya wuce ni. Lokacin da fim ɗin ya fito a watan Afrilun 2019 na zauna na cinye awa uku da minti ɗaya ko ƙifta ido ban so yi ba, kuma da Tony Stark ya ƙyasta yatsunsa sai da na share ƙwalla. Na san fim ɗin ya tara kusan dala biliyan 2.8, don haka wasiƙar mutum ɗaya ba za ta hana ku barci ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma so bai rufe mini ido ba.

Kada ku sa ni a layin masu cewa ai mutum ba ya tashi sama. Duk wanda ya zauna kallon irin finafinanku ya riga ya ajiye wannan gardamar a bakin ƙofa. Na yarda da bishiyar da ke tafiya da ƙafa tana maimaita magana ɗaya. Na yarda guduma tana zaɓen wanda ya cancanci ɗaukarta. Na yarda da duwatsu shida da ke riƙe da ragamar sammai. Mai labari yana da ikon kafa wa duniyarsa duk dokar da ya ga dama, ko a tatsuniya haka ne. Sai dai ranar da ya kafa ta, ta hau kansa shi ma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan: ku kuka kafa doka da bakinku, kuka ɓata lokaci kuna koya mana ita, sannan kuka taka ta a minti goma na ƙarshe.

Kwanan baya na sake kallon fim ɗin da ɗan yayata, yaro ɗan shekara 12 wanda bai taɓa ganinsa ba. Mun kai wurin nan na bakin tafki. Bruce Banner, wato Hulk, yana tsaye a kan na'urar tafiya cikin zamani, Sam da Bucky suna gefe, Steve Rogers, wato Captain America, ya hau dandamali riƙe da akwatin duwatsu da gudumar Thor, zai koma baya ya mayar da su zamanin da aka aro su. Bruce ya ce shi Steve zai ɗauki duk lokacin da yake buƙata, su kuwa daƙiƙa biyar kawai za su jira. Aka ƙirga, dandamali ya tsaya fayau. Can Bucky ya hango wani tsoho zaune a benci ya juya musu baya yana kallon ruwa. Kiɗa ya yi sanyi, ni kuma maƙogwarona ya fara ɗaci kamar karon farko. Sai yaron nan ya miƙa hannu ya tsayar da fim ɗin, ya juyo ya ce, "Kawu, to ta ina ya biyo?"

Na ce masa ai Steve ne, zama ya yi a can baya, ya auri masoyiyarsa Peggy, ya tsufa, ranar ta zo ya tako ya zauna. Ya ce, "Amma ai Hulk ya ce ba haka ake yi ba." Na buɗe baki na rufe. Yaron ya fi ni gaskiya.

Ku tuna abin da kuka sa Bruce ya faɗa. Ya ce in ka koma baya, wancan bayan shi ne ya zama gabanka, kuma duk abin da ka taɓa a can ba zai canza yau ɗin da ka baro ba. Har kuka sa jarumanku suka jero sunayen tsofaffin finafinan tafiya cikin zamani suna yi musu dariya, wai duk shirme ne. Da wannan dokar kuka toshe bakin Rhodey da ya kawo shawarar a je a sami Thanos, mugun da ya share rabin halitta, yana jariri a gama da shi. Da ita kuma Nebula ta harbe Nebular 2014 ba ta ɓace ba. Madalla, mun karɓa. To in haka ne, Steve da ya koma ya zauna da Peggy ya buɗe wani reshen zamani ne daban, kuma duk tsufan da zai yi a can zai yi shi. Ba yadda za a yi ya bi kwanaki ɗaya bayan ɗaya har ya iso wannan bencin, domin bencin yana wata duniyar da ba tasa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ku kanku kun yi baki biyu. 'Yan'uwan Russo sun ce a wani reshe ya rayu, daga baya ya tsallako ya kawo garkuwa. Markus da McFeely kuma kun ce a'a, a wannan zamanin namu ya zauna, dama can Steve biyu ne a duniya, ɗaya yana cikin ƙanƙara tun 1945, ɗaya yana gidan Peggy ya ɓoye. Mutum huɗu sun yi shekaru a kan labari ɗaya, an tambaye su ƙarshensa, sun rabu gida biyu. Ni da na biya na kalla, wa zan bi?

Kuma kowace amsa aka ɗauka, akwai inda take yoyo. In ta daraktoci ce, me ya hana shi fitowa a kan dandamalin da kowa ke dawowa ta kai? Wa ya gina masa hanya a can? Fim ɗin bai nuna ba, bai ko yi ishara ba. In kuma ta marubuta ce, to kun rusa mutumin da kuka yi shekara takwas kuna ginawa. Wannan fa shi ne Steve ɗin da tun yana ɗan firit ake dukansa a lungu yana miƙewa. A 2014 ya gano cewa muguwar ƙungiyar Hydra ta yi sheƙa a cikin SHIELD, hukumar da Peggy na cikin waɗanda suka kafa ta. Ya san amininsa Bucky yana hannun azzalumai suna wanke masa ƙwaƙwalwa. Ya san ranar 16 ga Disamban 1991 za a tare iyayen Tony a hanya a kashe su, ya kuma san hannun wa za a yi amfani da shi. Kuna so in yarda cewa wannan mutumin ya kwana ya tashi shekara saba'in da wani abu, matarsa tana fita aiki kullum cikin macizai, shi kuma ya ja bakinsa ya yi gum? Wanda ba ya iya ganin ana cin zalin baƙo a titi? (Zancen Sharon, wadda ke kiran Peggy gwaggo kuma Steve ya sumbata a 2016, na bar muku shi, kunya ta hana ni tonawa.) Sannan garkuwar da tsohon ya miƙa wa Sam lafiyarta ƙalau, alhali mun ga Thanos ya faskara ta a filin yaƙi. Ta wa ya ɗauko, kuma me ya bar wa mai ita?

Ko aikin da aka aike shi ma, in mutum ya zauna ya auna, sai kansa ya ɗau zafi. A Niyok ta 2012, Ancient One, matsafiyar da ke riƙe da dutsen lokaci, ta zana wa Bruce layin zamani a iska ta nuna masa cewa in aka cire dutse ɗaya, reshe mai duhu zai ɓalle. Bruce ya yi alkawarin za a mayar da kowane dutse daidai lokacin da aka ɗauke shi, kamar ba a taɓa ba. To amma duwatsun nan ba tsirara aka ɗauko su ba. Na 1970 yana cikin ɗan akwatin nan mai shuɗin haske. Na 2012 yana kan sandar Loki. Na Asgard a 2013 kuwa ba dutse ba ne ma a lokacin, wani jan abu ne mai malala da Rocket ya zuƙo daga jikin Jane Foster. Steve ya tafi da su a jere cikin akwati kamar kayan ado. Shi zai sake ƙera akwatin hasken? Shi zai lallaɓa fadar Odin ya mayar wa baiwar Allah ciwon da aka cire mata? Dutsen rai fa, wanda sai an ba da ran masoyi ake samunsa, wa ake miƙa wa? Mai gadin Vormir, duniyar da dutsen yake, shi ne Red Skull, babban maƙiyin Steve tun Yaƙin Duniya na Biyu. Haɗuwar nan kaɗai ta isa fim guda, kuka wuce ta kamar ba ku gani ba.

A ce ma ya mayar da su duka. Ɓarnar da aka yi ai ba ta duwatsu ba ce kaɗai. Loki na 2012 ya sunkuya ya ɗauke akwatin haske ya ɓace. Steve ya raɗa wa 'yan Hydra kalmar sirrinsu a cikin lifta, ya kuma gaya wa kansa na wancan lokacin cewa Bucky yana raye. Thanos na 2014 da rundunarsa kakaf sun baro zamaninsu sun zo 2023 sun zama toka. Wane dutse za a ajiye ya ɗinke wannan? Da kuka zo shirin Loki a 2021 sai kuka ƙirƙiro hukumar da ke datse rassan zamani, aka tambaye ta batun Avengers, ta ce ai nasu dama an tsara zai faru. Wannan ba amsa ba ce, rufe bakin mai tambaya ne. Ga kuma wata: Ancient One ta ce duniyar da ta rasa dutsen lokaci za ta faɗa hannun duhu. Duniyar jarumanmu ta rasa duka shidan tun farkon fim, da Thanos ya ruguza su. Shekara biyar ta yi a haka, kuma bayan an mayar da na aro haka za ta ci gaba. Babu wanda ya ko ɗaga gira.

Sai sinadarin Pym, wanda sai da shi ake tafiya cikin zamani. Duk fargabar tsakiyar fim ɗin a kansa kuka ɗora ta: kowa yana da na zuwa da dawowa sau ɗaya tak, in aka kuskure shi ke nan. Da abu ya kwaɓe a Niyok, nan take Tony ya tuna da wani sansanin soja a 1970 inda Hank Pym ke ajiye kwalabensa, Steve ya shiga ya kwaso huɗu. To me ya hana masu kaifin basirar nan su fara da can? Mutum ɗaya ya je ya cika aljihu, sannan a yi ta kai da komo ba tare da zullumi ba. Mutumin da ya warware sirrin tafiya cikin zamani a dare ɗaya bayan ya gama wanke kwanuka bai hango wannan ba? Sannan abin da ake yi wa rowa a ba mutum ɗaya, sai ga shi ya ɗauko jirgin yaƙin Thanos da dubban mayaƙa. Na ji bayanin da aka bayar daga baya, cewa Thanos da bokansa Ebony Maw sun kwaikwayi sinadarin sun haɗa nasu. Wataƙila. Amma a hira aka faɗa. Hira ba fim ba ce, kuma wanda ya zauna a kujera bai ga hakan ba.

Akwai waɗanda na yafe tun ba a roƙe ni ba. An hango Ant-Man ya zama ƙato yana dambe a bayan fage a daidai lokacin da yake cikin mota yana haɗa waya. Kuskuren masu haɗa hoto ne, kowa yana yi. Rubutun “bayan shekara takwas” na Spider-Man: Homecoming da ya hargitsa lissafin shekarunku, ku ma kun amsa kuskure ne. Tankar yaƙin da Hank Pym ke yawo da ita a jikin makullansa, bayan an ce mana abin da aka ƙanƙantar yana nan da ƙarfinsa, dariya kawai take ba ni. Har ɓeran nan da ya taka maɓalli a ɗakin ajiya ya fito da Scott Lang, wato Ant-Man, ban riƙe ku da shi ba. Shekara biyar mota tana jibge, dole wata rana wani abu ya bi ta kai. Sai dai in na tuna Doctor Strange ya leƙa makoma 14,000,605 ya ga nasara a guda ɗaya, sai in ce ashe rabin halitta a ƙafar ɓera aka rataye ta.

Wannan lissafin na Strange kuwa ya zama muku bargon rufe kowace ɓaraka. A Infinity War mun ga Wong ya rufe zoben wuta a kan hannun wani ƙaton yaron Thanos, hannun ya faɗi a ƙasa guntule. A duniyar Titan sun danne Thanos, Mantis tana kansa, ana ta kiciniyar zare masa safar ƙarfe, ga Strange a tsaye da irin wannan zoben. Nick Fury yana riƙe da na'urar kiran Carol Danvers tun 1995, matar da ita kaɗai ta ratsa jirgin Thanos ta kayar da shi, amma bai danna ba da aka mamaye Niyok a 2012, bai danna ba da Ultron ya ɗaga gari sama a 2015. Duk wanda ya tambaya sai masoyanku su ce ai Strange ya gani, ba za ta yi ba. Amsar da ke amsa kowace tambaya, ni a wurina ba ta amsa ko ɗaya ba.

Thanos kansa ban ɗauki haukarsa a matsayin giɓin labari ba. Mugu yana da damar yin mugun lissafi. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya ƙalubalanci lissafin. Mutanen duniya sun kai biliyan 4 a 1974, suka kai biliyan 8 a Nuwamban 2022. Ninki cikin shekara 48. Wato duk wahalar da ya sha, har da jefa 'yarsa daga kan dutse, hutun da bai kai shekarun mutum ɗaya ba ya saya, sannan ya farfasa duwatsun don kada a sake. Kuma rabin duk mai rai ya share, shi ya sa alamar farko da Scott ya gani bayan Bruce ya dawo da mutane ita ce tsuntsaye a bakin taga. Wanda ya zo maganin yunwa ya rage masu ci, ya kuma rage abin da ake ci. Wannan tsohon tsoron Thomas Malthus ne na 1798, an sa masa sulke. Kuna da Tony, da Bruce, da Shuri, da Strange. Jimla biyu daga bakin ɗayansu ta isa.

Dawowar mutanen kuwa, kun nuna mana ta ta wayar Clint da ta yi ƙara, sunan matarsa ya fito. Wuri ne mai taɓa zuciya, ban musa ba. Amma Tony ya kafa sharaɗin kada a taɓa shekaru biyar da suka wuce saboda 'yarsa Morgan, don haka biliyoyin mutane suka faɗo cikin duniyar da ta riga ta rage noma, ta rufe masana'antu, ta raba gado. Wani ya dawo ya tarar matarsa ta yi aure har da goyo. Wata ta dawo gidanta da baƙi a ciki. Wanda ya ɓace yana cikin jirgin sama fa? Feige, kai ka ce Bruce ya yi tunanin wannan ya sauke kowa lafiya, kuma nan ma a wajen fim ka faɗa. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan fitowar Endgame, fim ɗin Spider-Man: Far From Home ya nuna 'yan badujalar makaranta suna ɓullowa a tsakiyar filin ƙwallon kwando ana bangaje su, aka mayar da abin raha. Waɗanda kuma suka mutu a haɗurran ranar farko, irin jirgin nan mai saukar ungulu da muka ga ya daki bene, su ba toka suka zama ba, ba su cikin masu dawowa. Ko sunansu ba a ambata ba.

Za ku ce duk wannan ƙwaƙule-ƙwaƙule ne, fim ɗin zuciya yake nema. Na ji, kuma a nan ne ma abin ya fi yi mini ciwo. Kun ce mana Natasha, wadda ta ba da ranta a samo dutsen rai, ba za ta dawo ba, cinikin Vormir ba a warware shi. Na yarda, na yi jimami. Sai ga Gamora, 'yar Thanos, wadda aka jefa daga wannan dutsen dai, tana yawo a filin yaƙi domin an shigo da ta 2014. Hank Pym ya dawo, sinadari ba zai sake yankewa ba, an ma gina sabon dandamali a bakin tafki. Me ya rage tsakaninsu da wata Natasha, ko wani Tony? Dutsen lokaci yana wurin da Tony ya faɗi. Da shi Strange ya mayar da titin Hong Kong da ya rushe a 2016, da shi Thanos ya dawo da Vision a gabanmu. Ina iya ƙirƙiro dalilan da za su hana, masoya sun ƙirƙiro ɗari. Amma aikinku ne ku sa ɗaya a bakin wani, ko da cikin kuka ne Pepper ta tambaya Strange ya girgiza kai. Hawayen da na zubar na zubar da su ne bisa yardar cewa ƙofar ta rufu. In ashe a buɗe kuka bar ta don wani fim na gaba, to bashi kuka ci a wurina.

Ban nemi ku daina wasa da zamani ba, na ga ma yanzu kuka fara, rassa sai ƙaruwa suke. Roƙona shi ne duk dokar da kuka sa wani jarumi ya tsaya ya karanta mana, ku rubuta ta ku manna a bangon ɗakin da kuke aiki, kuma duk bayanin da labari ba zai tsaya ba sai da shi, ku sa shi a cikin fim tun kafin 'yan jarida su tambaya. Fim ɗin da ya sami wurin nuna Hulk yana ɗaukar hoto da yara a gidan abinci ba zai rasa daƙiƙa talatin na nuna yadda Steve ya dawo ba.

Kafin nan, ku huɗun nan ku shiga ɗaki ɗaya, Feige ya ja ƙofa, kada a buɗe sai kun fito da magana ɗaya a kan tsohon da ke benci. Ɗan yayata ya ƙi yarda mu ci gaba zuwa fim na gaba sai na ba shi amsa, kuma duk sanda muka haɗu, kafin ya gama gaishe ni sai ya ce, "Kawu, sun faɗa?"

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai kallonku tun 2008